Wanda Za a Sayo da Wanda Ke Cikin Gida: Lacca a kan Coton Sport da Ɗan Wasan Gaba Mai Tsada



Malam shugaban taro, iyayenmu dattawa da suka bar hutunsu suka zo, malamai masu horar da yara a filayen unguwanni, 'yan'uwanmu mata, da ku samari magoya baya da kuka cika bayan zauren nan, barkanku da yamma. 

Tambayar da aka ɗora mini ba baƙuwa ba ce a garin Garwa. Duk wanda ya zauna wurin mai shayi a Yelwa ko Lopere, ko ya hau bayan babur ɗin haya washegarin da aka ci mu, ya ji ta. Mutane suna cewa: me ya hana Coton Sport ta fasa asusu sau ɗaya, ta sayo ɗan wasan gaba na gaske, wanda in ya taɓa ƙwallo sai raga, mu huta da zuwa gasar Afirka muna dawowa hannu rabbana? Masu wannan magana ba jahilai ba ne, kuma ba maƙiyan ƙungiya ba ne. Ciwo ne ke sa su faɗa, ni ma ina jin ciwon. Sai dai amsata ta saɓa da tasu, kuma ina roƙon ku ba ni kunne har in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Mu fara da sanin ko mu su wane ne. An kafa Coton Sport a 1986, a ƙarƙashin inuwar kamfanin auduga na SODECOTON, wanda shi kuma aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke nan Garwa. A lokacin, ƙwallon Kamaru mallakar kudu ne. Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Afirka, Canon ta Yawunde ta ɗauka a 1971 da 1978 da 1980, Union ta Duwala a 1979. Arewa kuwa 'yar kallo ce. A 1997 Coton Sport ta ɗauki kofin ƙasa karon farko, ta maimaita a 1998, sannan daga 2003 zuwa 2008 ta riƙe shi shekara shida a jere ba wanda ya ƙwace. Zuwa 2023 ta ɗauka sau 18. Canon, da duk tarihinta, sau 10 gare ta. To ƙungiyar da ta yi haka ba ta buƙatar tauraro daga waje don ta mallaki gida. Ke nan maganar sayen tauraro maganar Afirka ce kawai, kuma a nan ne ciwon yake.

Waɗanda suka kai shekaru a cikinku suna tune da watan Nuwamba na 2008. Mun fitar da Dynamos ta Zimbabuwe a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Afirka, muka haɗu da Al Ahly ta Masar a wasan ƙarshe. A Alƙahira suka ci mu biyu da nema. Aka dawo filinmu na Roumdé Adjia, garin nan ya tsaya cak, aka tashi biyu da biyu, suka ɗaga kofi a gaban idonmu. Kafin nan, a 2003, Raja ta Kasablanka ta hana mu kofin CAF a wasan ƙarshe. A 2013 Al Ahly ta sake tare mana hanya a wasan kusa da na ƙarshe, wannan karon sai da aka kai ga bugun fenariti. Sai kuma 2023, shekarar da ba na son tunawa, da aka haɗa mu rukuni ɗaya da Mamelodi Sundowns da Al Ahly da Al Hilal ta Sudan, muka buga wasa shida, aka ci mu duka shidan, ko maki ɗaya ba mu samu ba.

Ina so ku riƙe shekarun nan biyu, 2013 da 2023, domin a tsakaninsu amsar take. A 2013 abin da ya raba mu da wasan ƙarshe bai wuce ƙwallo ɗaya ba. A irin wannan hali, in wani ya ce mini da an sayo gwani guda da an wuce, ba zan yi masa musu ba. Ɗakin da aka gama ginawa jinka kawai yake jira. Amma a 2023 tazarar ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙungiyar da ta sha kashi shida a jere, ko wa ka tsayar mata a gaba zai yi ta kallon ƙwallo ne daga nesa, yana ɗaga hannu ba mai miƙo masa. Wanda ya ɗora jinka mai nauyi a kan bangon da ruwa ya jiƙa ya san abin da zai biyo baya.

Bari in kai ku nesa kaɗan, zuwa wani wasa da ba mu yi a nan. A Amurka akwai wasan besbol, inda mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, wani kuma ya tare ta da kulki ya buga. Sun fi kowa lissafi a kan 'yan wasa, kuma sun fi kowa tsada wajen sayen mai bugu. A watan Disamba na 2000, ƙungiyar Texas Rangers ta ɗauki Alex Rodriguez a kan dalar Amurka miliyan 252 na shekara goma, kuɗin da ba a taɓa jin irinsa a wasanni ba a lokacin. Mutumin bai ci amana ba. Shekara uku da ya yi musu, kowace shekara shi ne kan gaba a gasarsu wajen bugun da ke fitar da ƙwallo daga fili gaba ɗaya: 52, sannan 57, sannan 47. A 2003 aka zaɓe shi gwarzon gasa. Amma a duk shekarun nan uku Texas ce ta ƙarshe a rukuninta, saboda masu jifarta ba su da ƙarfi, abin da ya ci da kulki sai su zubar da hannu. Ƙungiyar da ya baro, Seattle Mariners, a shekarar farko bayan tafiyarsa ta ci wasa 116. A 2004 Texas ta haƙura ta miƙa shi ga New York Yankees. Abin lura a nan, a besbol mai bugu shi kaɗai yake tsayawa ya fuskanci mai jifa, ba ya jiran kowa ya ba shi. Duk da haka gwanintarsa ba ta ɗauki ƙungiya ba. To ina ga ƙwallon ƙafa, inda ɗan gaba ba ya cin komai sai abin da 'yan tsakiya suka dafa masa?

Na san wani zai ce ai Dodgers ta Los Angeles ta ɗauki Shohei Ohtani a kan dala miliyan 700 a ƙarshen 2023, kuma ta ci kofi a 2024. Gaskiya ne. Haka Manchester United ta sayi Robin van Persie a 2012, ya ci ƙwallo 26 a gasa, suka ɗauki kofi. Haka Victor Osimhen ya ci 26 a kakar da Napoli ta ɗauki kofin Italiya a 2023 bayan shekara 33 tana jira. Amma ku duba gidajen da suka shiga. Duk gidaje ne da aka riga aka gama gininsu. Kuma wa ke tsakiyar filin Napoli a wannan kakar, yana ƙwato ƙwallo yana tura ta gaba? André-Frank Zambo Anguissa, wanda ya sa rigar Coton Sport kafin ya tafi Faransa. Ita kuwa Paris Saint-Germain, da ta biya yuro miliyan 222 a kan Neymar a 2017, ta ƙara da Mbappé da Messi, ba ta ga kofin zakarun Turai ba sai a 2025, bayan dukansu uku sun tafi.

Yanzu mu dawo gida mu yi maganar kuɗi, domin a nan ne na fi son a tsaya. TP Mazembe ta Lubumbashi tana da Moïse Katumbi. Sundowns tana da gidan Motsepe. Waɗannan aljihun attajirai ne, in sun yi asara a kan ɗan wasa, sun yi asarar abinsu. Mu kuwa uban gidanmu kamfanin auduga ne, kuma kuɗin kamfanin auduga daga gona yake fitowa. Yana fitowa daga bayan manomin Ngong da Pitoa da Gidar da Touboro da Kaélé, wanda ya karɓi taki da maganin feshi bashi a farkon damina, ya yi noma da firi, ya tsinci kaɗa da yatsunsa shi da iyalinsa, ya kai ma'auni, aka cire bashi aka ba shi saura. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike. Ke nan ɗan wasan da aka saya yuro miliyan ɗaya, wanda a Turai ba a ma kiransa mai tsada, ya tashi sefa miliyan 656. In muka ƙaddara kilon auduga a sefa 300 don sauƙin lissafi, wannan kuɗin ya haura tan dubu biyu na auduga. Gonaki ne fiye da hekta dubu. Ba a zo kan albashinsa ba, da gida, da mota, da la'adar dillali. Ban ce haramun ne a kashe kuɗin auduga a kan ƙwallo ba. Manomin nan shi ma yana manna rediyo a kunne ranar wasa, kuma ƙungiyar nan ta ba arewa suna da mutunci da ba a saye a kasuwa. Amma kuɗin da ya fito ta wannan hanya yana da nauyin amana, ba kuɗin da za a jefa a caca ba ne.

Kuma caca ce, jama'a. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Adoumri ya san ba a sayen sa sai an zagaya shi, an duba haƙori, an ga tafiyarsa. Sayen ɗan wasa sau da yawa cinikin biri a sama ne. Dillali zai turo maka bidiyo na minti biyar, ƙwallayen da ya ci ne kawai a ciki, ba za ka ga waɗanda ya ɓarar ba, ba za ka ga gwiwar da aka yi wa aiki ba, ba za ka ga ainihin shekarunsa ba. Sannan sai ya zo Garwa. Mu da aka haifa a nan mun saba, amma baƙon da zai buga ƙwallo a watan Maris ko Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san ya zo wani wuri. Wasan waje kuma yawanci a kudu yake, tafiyar kilomita dubu ko fiye, in ba a samu jirgin sama ba sai mota zuwa Ngaundare, a hau dutsen nan mai kwana-kwana, sannan jirgin ƙasa ya kwana da kai zuwa Yawunde. Gwanin da yake da zaɓi tsakanin nan da Kasablanka ko Tunis ko Johannesbag, me zai kawo shi? Mai tsadan da zai yarda ya zo, sau da yawa ko shekaru sun ja, ko jiki ya gaji, ko wani abu ya hana manyan kasuwanni ɗaukarsa. Za mu biya farashin gwani mu karɓi abin da ya rage daga gwani.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa. Ka shigo da mutum ɗaya da ke karɓar albashin mutum goma cikin ɗakin da yara suka taso tare suna cin tuwo a kwano ɗaya. In ya ci ƙwallo an yi shiru. Ranar da ya yi wasa uku bai ci ba, ɗan bayan da ke zubar da gumi a kan ɗan abin da ake ba shi zai fara tambayar kansa, kocin kuma ba shi da ikon ajiye shi a benci, domin waɗanda suka sa hannu a takardar sayensa suna zaune a sama suna kallo. Yaron da ya kamata ya samu minti ashirin ya nuna kansa sai ya ƙare kaka a zaune.

Wannan yaron da ke zaune shi ne zuciyar maganata. Ku ƙirga tare da ni. Jacques Zoua, ɗan Garwa, ya bar Coton Sport zuwa Basel ta Suwizalan a 2009. Vincent Aboubakar, ɗan garin nan, ya tafi Valenciennes a 2010, shekarar da ya je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu yana shi kaɗai ne mai wasa a gida cikin tawagar Kamaru. Edgar Salli, shi ma ɗan Garwa, ya tafi Monaco a 2011. 'Yan gaba uku, gari ɗaya, ƙungiya ɗaya, cikin shekara uku, kowannensu bai kai ashirin ba. Ambroise Oyongo ya bi su zuwa New York a 2014, Moumi Ngamaleu ya tafi Ostiriya a 2016. A ranar 5 ga Fabrairu 2017 a Libreville, Kamaru ta doke Masar biyu da ɗaya ta ɗauki kofin Afirka, Aboubakar ne ya ci ta biyun ana dab da tashi, kuma Zoua da Salli da Oyongo duk suna cikin tawagar. Masar ɗin da ƙungiyarta ta sa mu kuka a 2008 da 2013, yaranmu ne suka karya ta. Sai dai ba da rigarmu ba. A gasar kofin Afirka da aka yi a ƙasar nan a farkon 2022, wadda aka gyara Roumdé Adjia dominta har muka karɓi Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau, Aboubakar ya ci ƙwallo takwas, ya fi kowa. A gasar cin kofin duniya ta Katar ya ci Barazil.

To garin da ya fitar da waɗannan ne ake cewa ya je kasuwa neman mai cin ƙwallo? Matsalarmu ba rashin gwani ba ce. Muna sayar da auduga ne da anguryarta tun ba a gurza ba, wasu su kaɗa zare su saƙa, mu dawo muna tambayar kuɗin riga. Misali mafi kusa shi ne Souaibou Marou. Shi ne ɗan gabanmu, ya je Katar da tawagar ƙasa a 2022, ya koma Orlando Pirates a watan Janairu na 2023. A watan Fabrairu aka fara wasannin rukunin nan da muka tashi ba maki. Ban ce da yana nan da mun fito ba, na riga na faɗa muku tazarar ta fi mutum ɗaya. Amma ku dubi tsarin abin: mun shiga yaƙi mafi girma wata ɗaya bayan mashinmu ya bar hannu. Shi ma a can bai samu wasa yadda ya kamata ba.

Saboda haka in ana tambayata ko a sayi tauraro mai tsada, amsata ita ce e, a saya, amma wanda ke cikin gida. Kuɗin da za a ba baƙo, a ba yaron da muka rena don ya ƙara kaka ɗaya ko biyu. Kada ku ji ni ba daidai ba. Ba wanda ya isa ya tare Aboubakar daga Turai, kuma zalunci ne a gwada. Yaron da mahaifiyarsa ke tuya a bakin titi, aka ce ga Faransa tana kira, wane ne kai da za ka ce ya tsaya don kishin gari? Irin waɗannan a sallame su da albarka, amma da takarda mai kyau: a rubuta cewa in an sake sayar da shi ƙungiya tana da kaso, a kuma bi haƙƙin da dokar FIFA ta tanada, wato kashi biyar cikin ɗari na kuɗin sayen ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, da ake raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan kuɗin ba ya zuwa da kansa, sai an riƙe rajistar kowane yaro da kyau, an kuma sa mai bibiya. Waɗanda nake magana a kansu su ne na bayansu, su biyar ko shida a kowace kaka, 'yan baya da 'yan tsakiya da gola, da ke ficewa zuwa ƙananan ƙungiyoyin waje a kan bambancin albashi da bai taka kara ya karya ba. Su ne bangon ɗakin. Na san wani yaro a unguwarmu, ɗan tsakiya mai natsuwa, da wani dillali ya ɗauke shi da alkawarin gwaji a ƙetare. Iyayensa suka sayar da fili suka yi masa guzuri. Ya yi shekara biyu ba ƙungiya ba takarda, ya dawo ƙafa ta mutu. Da ƙungiyar da yake yi wa wasa tana biyansa abin da zai riƙe gida, a kan lokaci, da bai saurari mutumin nan ba. Har yau in na haɗu da shi raina yana ɓaci.

In kuma dole sai an ɗauko daga waje, ai muna da hanyar da muka sani. Tawagar 2008 tana da 'yan Nijar, Kassaly Daouda a raga, Kamilou Daouda a gaba. Ba a ɗauko su don suna ba, ido ne ya gano su, suka zo da yunwar nuna kansu, rana ba ta dame su ba, harshe da abinci ba su zame musu baƙi ba. Daga Njamena zuwa Yola, daga Marwa zuwa Maraɗi da Damagaram, akwai yara irinsu da ba wanda ya je ya kalla. Albashin mutum biyu masu yawon kallon wasa a wannan yanki na shekara guda bai kai la'adar dillalin tauraro ɗaya ba.

Saura tambayar da na san tana bakin samarin da ke baya: in Aboubakar ya ce zai dawo gida fa? Maƙwabtanmu na Kano sun ga irin wannan. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Holan a 2010, ya dawo musu a watan Afrilu na 2021. Duniya ta waiwayo ta dubi gasar Najeriya, yara suka ga kyaftin ɗin ƙasa a ɗakin sauya kaya ɗaya da su. Bayan 'yan watanni ya tafi Turkiyya, a kakar da ta biyo baya kuma, a 2022, Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Ba laifinsa ba ne ko kaɗan, zuwansa alheri ne, sai dai bai zama magani ga abin da ke damun ƙungiyar ba. Ɗan gida in ya dawo don ya rufe wasansa a gaban iyayensa, ni ne farkon wanda zai je filin jirgi tarbarsa, kuma abin da yaranmu za su koya daga ganin yadda yake atisaye da yadda yake kula da jikinsa ya fi ƙwallayen da zai ci. Amma ya zo a kan abin da gida zai iya, kada a rage wa makarantar horar da yara ko sisi don a biya shi.

Ga shugabannin ƙungiya, in maganar nan ta kai gare su, roƙona guda ne. Kakar da muka samu gurbin gasar Afirka, a zauna da 'yan wasa goma sha ɗayan farko tun kafin a fara, a gyara musu kwantiragi, a yi yarjejeniya da duk mai saye cewa ba wanda zai tafi sai an gama gasar. A yi haka shekara biyu a jere da tawaga ɗaya. In muka sake kaiwa inda muka kai a 2013, ya zama ƙwallo ɗaya ce ta rage, ku sake kirana zauren nan, ni da bakina zan ce a fasa asusun.

Malam shugaban taro, na ga hannaye sun fara tashi a baya, kuma magariba ta kusa. Na mayar maka da magana.